Benen da Na Ɗora a Kan Kududdufi

Ran Talatar da ta wuce, a filin da za mu fara tono bayan tasha, na ɗauki jarka na tuttule ruwa a ƙasa, na tsaya ina kallon inda zai nufa. Ina jin ku a bayana. Wani ya ce tsoho ya fara surkulle, wani ya ce a'a, alwala ake yi wa fili. Na ƙyale ku, domin ni ma na taɓa yin irin wannan dariyar, tawa ma ta fi taku ƙarfi. A wurinku gini ba wani abu ba ne: a ɗora bulo kan bulo, a shafa siminti, a ɗauki hoto a waya. Mutum ya yi wata uku yana miƙa kwano, ya sayi cokalin siminti da tef na awo, sai ka ji unguwa ta fara kiransa injiniya, shi kuma yana amsawa. To tunda yau tifar yashi ta ƙi zuwa, ku zauna in gaya muku inda na koyi zuba ruwan nan, da inda na ga ya fi ƙarfin girmana.

Aikina na farko a Sanyinna ne, soron wani manomi, ina bin maigidana Baba Arzika, maginin ƙasa na nan Tambuwal. Kayan aikinsa kaf ba su cika kwando ba: diga, fartanya, igiya, sai tafin hannunsa. Mu ne injin kwaɓa. A jiƙa ƙasa, a watsa ciyawa da kashin jaki, mu shiga da ƙafa mu yi ta tattakawa har cinya ta daina jin kira, a bar ta ta kwana uku ta ruɓe, sannan a mulmula tubali. Na yi shekara biyu ina jefa masa tubali yana caɓewa a kan katanga kafin ya yarda in ɗora guda ɗaya. Da na ɗora ɗin ma, ya sauko da shi ya miƙo mini, ya ce in gwada gobe.

Amma kafin a taɓa ƙasa, akwai abin da ba ya tsallakewa. Sai ya sa a kawo tulu cike, ya tsaya tsakiyar fili ya juye, ya bi ruwan a hankali da sandarsa. Katangar da ruwan ya nufa, sai an kira mai ita. A tsaya a yi magana, a yarda da inda za a huda rariya, wato 'yar kafar nan ta gindin katanga da ruwan sama ke bi. Haka ruwa ke fita daga gidan wane ya ratsa gidan wane, har ya faɗa kududdufin unguwa. Kududdufin kuwa ba daga sama ya faɗo ba, ramin da aka ɗebi ƙasar gina unguwar ne. Ni a lokacin ɓata lokaci nake gani, ga rana tana yi, ga tulu ni na ɗauko shi daga rijiya. Na taɓa yin gunaguni, sai ya ce da ni, "Sahabi, dubi ruwan ga da kyau. Su ad da hilin, mu baƙi na."

A Kebbe na fara riƙe cokalin siminti, wajen ginin wasu shaguna a bakin kasuwa. Nan na ga duniya. Bulo mai kusurwa huɗu, ba sai ka lallashe shi ba. Ga fulam mai nuna ko bango ya miƙe, ga layi, ga lebul mai ɗan ruwa a kwalba da ke gaya maka gaskiyar bango ba tare da ya zage ka ba. Cikin shekara uku na zama birkila mai leburorinsa, na sayi agogo, na daina cin abinci da masu tattaka laka. Da na je gaishe da Baba Arzika na tafi da lebul ɗin don ya gani. Ya juya shi, ya tambaye ni ko har yanzu ina zuba ruwa. Na ce, "Baba, mu yanzu ruwanmu na cikin kwalba, ba mu wahal da tulu." Ya ce madalla, ya miƙo mini abina.

Kada ku ɗauka sakarai ne ni a wajen kiyaye haɗari. A Dogon Daji wani mai gida ya kawo mini katakon da gara ta gama da shi ya ce in hau in yi filasta. Na nuna masa, ya ce, "Hau dai, Allah shi kiyaye." Na ce Allah yana kiyayewa, amma ya fara hawa in gani. Washegari sabon katako ya zo. Wani kuma dekin, wato rufin kwankare, bai yi kwana bakwai da zubawa ba ya ce a cire turakun da ke tallafe da shi, wai mai haya ya matsu. Na kwashe kayana na zauna gindin bishiya har ya huce. A Fakku muka bar ramin sokawe a buɗe, maraƙin wani ya zurma, mai shi ya zo da 'yan'uwansa huɗu kowa da sanda, suka tsaya mini a bakin ramin. Tun daga ranar ba na barin rami babu murfi, ba na barin ƙusa a tsaye a jikin katako, buhun siminti kuma a tattara shi kafin saniya ta haɗiye. Duk wannan na koya da wuri, saboda haɗarin da zai faɗo maka a ka, ko wanda mai sanda ke biye da shi, ba ya buƙatar malami. Wanda ke gangarawa gidan wani a hankali shi ne na kasa koya.

Shekarar da ta ɓaci mini ita ce wadda kowa ya ce na yi sa'a. Alhaji Tunau, wani mai sayen hatsi, ya sayi kududdufin unguwar su Baba Arzika, ya ce zai cike shi ya yi bene na haya, gida takwas, huɗu sama huɗu ƙasa, don malamai da ma'aikatan da ake turowa. Ni ya ba aikin. Ban taɓa yin bene ba, sai da na yi kwana biyu ina gaya wa mutanen da ba su tambaye ni ba. Unguwa ma ta yi murna, kuma ba laifinsu, don kududdufin nan gidan sauro ne, ga wari da bazara, ga fargabar yara da damina. Mai unguwa da kansa ya zo ya yi addu'a ranar da tifar farko ta juye marmara.

Injiniyan da ya zana ginin daga Sakkwato ya zo, saurayi mai ladabi, kuma ya san aikinsa. Ya kawo huluna na kwano goma sha biyu da allo mai rubutun a kula da lafiya. Muka sa hulunan, aka ɗauki hoto, yana juya baya Alhaji ya kulle su a sito don kada su yi datti. Allon dai an bar mana shi, ya yi amfani ƙwarai, a bayansa muke fakewa mu ci abinci. A takardar injiniya akwai lambatu da ya zagaye ginin, zai kwashi ruwa ya kai babban lambatun bakin titi. An zana shi da shuɗin layi, gwanin kyau.

Muka cike ramin, muka daka, Alhaji ya zo ya duba ya ce, "Ƙara ɗaga mini shi, ban son ruwa su taɓa ma 'yan haya takalmi." Muka ƙara ciko har daɓen ya kai ƙugun mutum in yana tsaye a lungu. Gidan Baba Arzika kuwa shi ne na ƙarshe kafin kududdufin, katangarsa ta baya tana kallon tamu. Ruwan gidaje huɗu ta tsakar gidansa yake ratsawa, ya fita ta rariyar da ke bayan rumbunsa. Rumbun nan shi ya gina shi da hannunsa, babba, a kan duwatsu, ya fi shekara talatin. A lokacin ya tsufa, ido ya yi rauni, ya daina hawa katanga. Geron da 'ya'yansa ke noma masa a Sanyinna a nan ake zubawa, da shi yake ci shi da matarsa Inna Kulu, kuma abin alfaharinsa ne cewa bai taɓa ganin gindin rumbun ba.

Muna ɗora linta a kan ƙofofi Baba ya zo, da sanda a hannu ɗaya, buta a ɗaya. Ya gaishe da leburori, sannan ya ce, "Sahabi, kai na babba nan?"

Na ce, "Ni na, Baba."

"To ruwan ga da kunka kora, ina kunka ce musu su tai?"

Na aika aka ɗauko takarda, na shimfiɗa a kan bulo, na bi masa shuɗin layin da yatsa har bakin titi. Ya sunkuya kamar yana gani.

"Ina babban lambatun?"

"Za a yi shi, Baba."

"Naku hwa?"

"Shi ma za a yi, in an ƙare bene."

Ya taka zuwa gindin cikonmu ya karkata butar. Ruwan ya gangara, ya ɗan yi shawara, ya miƙe sak ya shige rariyarsa, daga waje zuwa ciki. Ya ce, "Ka gani? Su ba su iya karatun takarda ba." Leburori suka yi dariya, ni ma na taya su, don a gabansu ne.

Na yi wa Alhaji maganar lambatu, sau ɗaya, da muryar da ake roƙon alfarma. Ya ce a bari 'yan haya su shiga tukuna. Ni da na zauna gindin bishiya saboda turakun dekin, a nan ban zauna ba. Tsoro na ji kada a ba wani benen, kuma ina kwaɗayin a riƙa nuna shi ana cewa aikin Sahabi ne. Amma abin ya tsaya mini a rai, sai na nemo dabara irin ta mai ilimi. Na ce tunda ruwanmu ta rariyar nan zai shiga gidan Baba, ai sai a rufe ta. Wata safiya na kwaɓa kwankare mai kyau, siminti bai yi ƙaranci ba, na cusa tsakuwa da guntun rodi, na toshe ta daga waje, na goge da cokali har tana sheƙi. Na ba ta ruwa kwana bakwai don ta kama. Ban gaya masa ba, so nake ya zama alherin da aka yi a ɓoye. Ruwan gidaje huɗun da ke fita ta nan kuwa ko kaɗan bai zo mini a rai ba, ni da na yi shekaru ina ɗaukar tulu.

Aka gama bene, aka yi fenti, 'yan haya suka shiga. Ruwan farko-farko ƙasa ta shanye. Sai wata rana cikin Agusta, bayan azahar, ina saman benen ina gyaran wata taga, sama ta buɗe. Na leƙa baya don in ga yadda rufinmu ke zubar da ruwa, na ga yana zubarwa yadda ya kamata, indararo shida suna ta aiki a lungun da ke tsakaninmu da Baba. Sannan na ɗaga ido na ga tsakar gidansa. Babu ƙasa. Kwanuka na yawo, kaji sun hau danga, Inna Kulu tana tsaye ruwa har gwiwa tana rungume da tabarma. Kududdufin da muka kora ya sami sabon gida.

Na sauko da gudu na fizgi diga. A lungun ma ruwa ya kai mini cinya. Na laluba da ƙafa na sami wurin, na fara sara cikin ruwa. Ku da kuke cewa ina da tsanani wajen kwaɓi, ranar na tsine wa hannuna. Ban taɓa yin kwankare mai ƙarfin wannan ba. Na sara, na sara, diga tana tsalle, rodin da na sa don inganci yana riƙe da komai. Da ƙyar na fasa, kuma da na fasa babu abin da ya faru, don ruwan waje da na ciki tsayinsu ɗaya, babu mai ba wani hanya. Ina nan tsaye na ji wani nishi daga bayan katanga, ba ƙara ba, kamar dai saniya za ta kwanta. Ruwa ya haye duwatsun, ya jiƙa gindin rumbun, rumbun ya karkata ya zauna. Dammunan gero na shekara biyu suka bazu cikin laka.

A barandar sama 'yan haya sun jeru da wayoyi suna ɗauka. Na ji wani yana cewa, da murya ta tausayi, ai ya kamata a hana mutane ginin ƙasa, don ba shi da tsaro.

Na zagaya na shiga ta zaure. Baba Arzika yana zaune a kan turmin da aka kifa, ƙafafunsa cikin ruwa. Bai tambayi wane ne ba.

Ya ce, "Wa ya toshe?"

Na ce, "Ni na, Baba. Don kar ruwanmu su shigo."

Ya gyaɗa kai. "Awo. Na ji diga ta daɗe tana kuka. Nac ce wanga aiki na wanda ya iya na."

Da zagina ya yi da na fi jin daɗi. Kunyar da na ji a zauren nan ban taɓa jin irinta ba, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Muka kwashi abin da ya kwasu muka shanya a tabarmi, amma rana ta ƙi fitowa kwana uku. Wani ya yi tsiro, wani ya yi baƙi, ƙarshe shanun maƙwabta suka ci rabonsu. Gindin ɗakunan ma ruwa ya cinye, ɗakin Inna Kulu ya tsage tun daga ƙasa har azara. Benenmu kuwa ko 'yar tsaga babu. Injiniya ya zo ya zagaya, ya yaba, sannan ya tambayi ina lambatun da ya zana, aka ce masa yana nan tafe. Alhaji Tunau ya nuna halin kirki, ya aika da buhun gero, kuma a gaban mai unguwa ya ce tunda gidan ya zama haɗari ga tsofaffi, shi zai taimaka ya saye shi. Kowa ya sa masa albarka. 'Ya'yan Baba suka zo da amalanke suka kwashe su zuwa Sanyinna.

Lambatun an yi shi, kada ku ce ba a yi ba. Kafin damina ta fita ruwa ya kwanta a ƙofar benen, motar wani ɗan haya ta kafe, biyu suka ce za su tashi. Sai ga Alhaji da sassafe yana cewa mene ne amfanin magini da bai san hanyar ruwa ba. Mutum shida, kwana tara, muka haƙa muka ɗaure shi har gangaren bayan gari. Kwana tara ne kawai. Shi ya sa yanzu duk wanda ya ba ni bene, lambatu nake fara yi kafin bulo ɗaya ya hau, in kira maƙwabcin da ruwa ya nuna a yi magana yana tsaye, in kuma fili tsohon kududdufi ne sai an nuna mini inda ruwansa zai koma, a ƙasa, ba a takarda ba. Na rasa ayyuka da yawa a kan haka, ana ce mini mai tsada, mai taurin kai. Waɗanda suka karɓi ayyukan kuwa samari ne irinku, masu sauri.

Da kaka Alhaji ya kira ni ya ce zai yi bene na biyu a filin da ya saya, a fara da rushe tsohon gidan. Na so in ce a nemi wani. Sai na tuna wanin zai kawo mutane su tura katanga ta faɗa kan wanda ta ga dama, na karɓa. Ranar da za mu fara, sai ga Baba Arzika a bayan babur ɗin ɗansa, wai ya zo ɗaukar ƙyauren zaurensa. Aka ba shi kujera a inuwa. Yana jin inda muka sa diga ya ɗaga sanda.

"Ba nan ba, Sahabi. Ɗebe azara tukun, ka hwaro daga bisa. Kar ginin ga shi kashe maka mutum."

Haka ya zauna da mu har kwana uku yana gaya mana yadda za mu rushe gidansa, ɗaki bayan ɗaki, wace azara ce ke ɗauke da wace, ina ne za a tsaya, ina ne ba za a tsaya ba. Ko ƙwarzane babu wanda ya samu. Bangon da ruwa bai taɓa ba sai da ya ba mu kwana uku, diga tana tashi da wuta.

Da la'asar ta kwana na uku Alhaji ya zo ya ga tulin ƙasa, ja, mai laushi. Na ce a kawo tifa a kwashe. Ya ce a kwashe a kai ina, ga ciko kyauta? A baje ta nan, a ɗaga daɓen da ita. Na kasa kallon wajen kujera. Baba ya sa aka ɗebo masa kaɗan, ya murza a tafin hannu, ya kai hanci.

Ya ce, "Gaskiya Alhaji ya hwaɗi. Ƙasa mai kyau ta, ni na cuɗa ta. Ku dai ba ta ruwa ku dake ta sosai, ba ta ba ku kunya."

Na karɓi madaki daga hannun lebura na daka da kaina, har magariba. Ɗansa ya ɗaura ƙyauren a bayan babur, Baba ya hau ya riƙe shi da hannu ɗaya, suka kama hanyar Sanyinna. Bene na biyu a kan ƙasar nan yake zaune, kuma bai taɓa tsagewa ba.